Ruwan Gishiri a Gurbin Kikuno

Nagiura, 9 ga Afrilu

Mitsue,

Ina gaishe ki. Yaya aiki, yaya tsofaffin naki na gidan jinya? Nan ƙanƙara ta narke amma iska tana cizo har yanzu. Gwiwata ta dama tana nan yadda kika san ta, ta hagu ma ta fara koyon halinta. Maganin zuciya ina sha ranar da na tuna. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san makaranta leƙa ta kawai na yi kakanki ya ja ni jirgin kamun kifi. Kada kuma ki kira waya, kunnena da ita ba sa shiri.

Zauna kafin ki karanta sauran. Na sayi gida.

Mai taya biyu ne, irin wanda mutanen birni ke ɗaurawa a bayan mota su je bakin tafki su gasa nama. Na wani likitan haƙori ne can cikin tudu. Shekara goma sha ɗaya yana wurinsa, matarsa ta rasu, ya ce ba ya iya buɗe ƙofar. Na ce ni zan iya.

Kin san tun da teku ya hau ya share layinmu, ofishin gari ya hana gini a filinmu. To, na je na zauna musu kwana huɗu a jere har suka gaji suka ce abin da ke kan taya ba gini ba ne. Amma da sharaɗi. Ƙarshen Yuli ma'aikacinsu zai zo ya duba. Sai ya ga taya da iska, jiki lafiyayye, abin da za a ɗaura wa mota yau a hau titi da shi yau. In ya ga akasin haka, a janye shi kafin Obon, bikin dawowar matattu.

Obon ɗin kuwa shi ne maganar. Shekara goma sha uku ina kunna wutar maraba a ƙofar benen da suka zuba mu a kan tudu. Kowa matattunsa suna dawowa su yi kwana ukunsu, ni ban taɓa jin mamanki Kikuno ta zo ba. Ta yaya za ta zo? Ba ta taɓa ganin benen ba. Matar da ko kasuwar birni muka shiga sai ta ɓata. Ba mu samu gawarta mun kai ta ko'ina ba, gida ɗaya ta sani, bana kuma za ta tarar da ƙofa a wurin.

Sun zuba ƙasa sun daddale komai, ba rijiya, ba dutsen dokin ƙofa. Amma na nemo wurin yadda muke nemo ramin kifi a teku. In ka tsaya itacen nan mai rassa biyu na bakin tsauni ya shiga tsakiyar ƙofar wurin bauta, hasumiyar fitila kuma ta taɓa kafaɗar tsibiri, to kana tsakiyar ɗakin girkinmu. Nan na ajiye shi.

Shigeo, tsohon makanikin jirage, ya zo ya zagaya shi sau biyu ya ce, "Tatsu, wannan ai akwatin gawa ne aka sa wa taya."

Na ce, "To shiga ka gwada tsawonsa, ka fi ni kusa."

Mun wanke shi da ruwan tsami, mun kwashe sheƙar ɓeraye daga aljihun tebur. Na yi masa abin da ake yi wa sabon jirgi. Na zuba giyar shinkafa a ƙarfen da ake ɗaurawa. Ɗan akwatin ruhun jirgina, wanda mamanki ta yanke gashinta ta sa a ciki ranar da muka fara tura jirgin ruwa, na sa shi a kabad ɗin sama tare da ƙaramin buhun gishiri don tsarki. A ƙarƙashin kabad ɗin akwai benci kusa da taga mai kallon teku. Na sayi shuɗin matashi na ajiye mata.

Ga littafin da gidan ya zo da shi, haruffansa sun fi ƙarfina. Ki karanta ki faɗa mini abin da ke da amfani.

Jiya da safe na tarar matashin a jiƙe.

Babanki, Tatsuji

Hamamatsu, 24 ga Afrilu

Baba,

Ina gaishe ka da kyau. Ina lafiya, sai dai tsayuwa, mutum uku sun bar aiki. Maganin zuciya ba na ranar da aka tuna ba ne, Baba, na kullum ne.

Sau uku na karanta wasiƙarka. Na farko na yi fushi, na biyu na yi dariya saboda Kawu Shigeo, na uku ban san abin da na yi ba. Na san in na ce ka mayar da shi ba za ka ji ba, don haka na kai littafin wurin mijin abokiyar aikina, yana da irinsa.

Ya ce taya ko ta yi kyau a ido, in ta haura shekara shida a canza ta. A buɗe cibiyar tayoyin a sa sabon giris. Tiyon gas ka shafa masa ruwan sabulu, in ya yi kumfa kada ka kunna komai. Ramukan iska na ƙasa da na sama kada ka liƙe su da takarda don sanyi, na san halinka. Kuma don Allah kada gishiri ya kusanci ƙarfen ƙasa, ba jirgin katako ba ne, tsatsa za ta cinye shi.

Abin da ya fi nanatawa shi ne rufi. Ya ce ruwa ne ke kashe irin wannan ɗaki. Danƙon da ke bakin tagar sama yana tsagewa, ruwa ya bi cikin bango, katako ya ruɓe a ɓoye, daga waje ba a ganin komai. Matashin da ya jiƙe yoyo ne. A kankare tsohon danƙo a sa sabo kafin damina. In bangon ya ruɓe, mutumin ofis da yatsa ɗaya zai gane.

Obon ba na jin zan samu hutu. Ka san yadda aikin yake. Ɗakin da na ce maka yana nan a wurina, da taga mai rana, duk ranar da ka gaji da taurin kai.

'Yarka, Mitsue

Nagiura, 20 ga Mayu

Mitsue,

Gaisuwa. Ina lafiya. An fara yankan ciyawar teku, na aika miki kaɗan, ki jiƙa ta kafin ki dafa, kada ki yi irin ta bara.

Taya mun canza. Giris mun sa, tsohon ya yi baƙi kamar kwalta. Tiyon gas ya yi kumfa kamar kaguwa, Shigeo ya kawo sabo. Fitilun baya suna ci. Kin ga ina jin magana.

Rufi ban taɓa ba, ba kuma zan taɓa ba.

Ki saurare ni, kada ki kai wa mijin ƙawarki wannan takarda. Ina rubuta ranakun a jikin kalanda. Kwana tara aka yi ba ɗigon ruwan sama, a cikinsu sau shida na zo da safe na tarar matashin a jiƙe. Ba bencin duka ba, ba tebur ba. Daidai faɗin zaman mutum ɗaya, mutum marar jiki. Ranar Talata na sa yatsa na kai baki.

Gishiri ne, Mitsue. Ruwan sama ba shi da gishiri. Shekara sittin ina teku, na san ɗanɗanonsa.

Yanzu da safe ina dafa shayi kofi biyu. Ina zama a ɗaya gefen ina gaya mata wa ya mutu, wa ya koma birni. Ina lissafa mata gidajen layinmu daga bakin gaɓa zuwa gada, ashirin da bakwai, da sunan kowa har jarirai, don in ban faɗa ba ba mai faɗa. Ba ta amsawa. Da ma can ba mai yawan amsawa ba ce.

Shigeo ya danna bangon gefen taga da sukundireba, ya shige kaɗan. Ya ce, "Tsoho, bangonka ya zama awara. Ba ni tsani, awa biyu na gama."

Na ce ya taɓa tsanin nan in jefa shi a ruwa.

Ya ce, "Kikuno da ta goge ƙafar kyanwa kafin ta shiga ɗaki, ita ce za ta jiƙa maka matashi ta tafi?"

Wanda ya fito daga teku inda take ba shi da zaɓi, dole ya zo a jiƙe.

Ta sha wuya kafin ta samo wannan 'yar kafa. Wanda ya sa ta makara a gidan nan ranar ya san kansa, kuma yana cin abinci yana barci. Ni dai ba zan toshe mata hanya da danƙo ba.

Babanki

Nagiura, 28 ga Yuni

Mitsue,

Lafiya kuwa? Mako biyar ba amsar takardata. Ciyawar ta iso? In ba ki da lafiya ki sa wani ya rubuto.

Damina ta sauka. Yanzu matashin ba ya bushewa ko kaɗan. Baƙin tabo ya fito a kusurwar taga, yana faɗi kamar tafin hannu. Ƙofar kabad ɗin sama ta kumbura, ba ta buɗuwa, ban kuma tilasta mata ba. Ɗakin yana warin cikin jirgi.

Takardar ofis ta zo. Ranar ashirin da tara ga Yuli, ƙarfe goma na safe. Shigeo ya daina zuwa, ya ce ba zai tsaya yana kallon mutum yana nutsar da jirginsa a tudu ba.

Na san abin da ke gabana, ba yaro ba ne ni. In na toshe, na rufe ta a waje. In ban toshe ba, su janye ɗakin, ta zo Obon ta tarar da fili. Kullum ina juya shi, ba ya canzawa.

Rubuto ko layi ɗaya ne.

Babanki

Hamamatsu, 8 ga Yuli

Baba,

Ina lafiya. Ciyawar ta iso, na gode. Ban yi ciwo ba. Na kasa riƙe biro ne.

Ka rubuta cewa wanda ya sa Mama ta makara ya san kansa, yana ci yana barci. Ban san ka sani ba. Ban san wa ya gaya maka ba, ko tun yaushe kake riƙe da shi kana aiko mini ciyawar teku.

E, ni ce. Da ƙasa ta daina girgiza na kira gida, layin ya shiga, abin da bai yi wa kowa ba ranar. Ta ce tana fita, takalmi ma na ƙafarta. Ni na ce ta koma ta ɗauko maganinka. Na ce ta ɗauko allunan sunayen kakanni. Na ce ta sa babbar riga, ana sanyi. Ta ce, "To, to, uwar iyayi, na ji." Na riƙe ta minti shida, yana nan a takardar waya, na ajiye ta. Ba aiki ne ke hana ni zuwa Obon ba. Ina ci, gaskiya ne. Barci kuwa ka yi mini ƙari.

Yanzu ka ji ɗaya maganar, ko da ita ce ta ƙarshe da za ka karɓa daga wurina. Na koma wasiƙarka ta farko. Baba, me ka ajiye a kabad ɗin da ke saman bencin? Buhun gishiri. Ruwa yana shiga ta tagar sama, ya taru a cikin rufi, ya bi ta cikin gishirin, ya ɗiga a matashi. Ko ba a yi ruwan sama ba, gishiri yana jan hazon teku ya narke da kansa. Ka tuna tulun gishirin Mama da damina.

A cikin kabad ɗin nan gashinta yake. Shi kaɗai ya rage mana a duniya, kuma wata uku yana zaune a cikin ruwa.

Ka tsane ni in kana so, amma ka buɗe kabad ɗin.

Mitsue

Nagiura, 30 ga Yuli

'Yata,

Ina gaishe ki. Ina lafiya. Wannan takarda sau huɗu ina fara ta ina yagawa, shi ya sa ta daɗe.

Ke wace irin yarinya ce? Ban san kin kira ta ba. Yau shekara goma sha uku ban sani ba sai a takardarki. Da kaina nake.

Kin san ƙa'idarmu, in ƙasa ta girgiza masunci ya ruga ya fitar da jirgi can tsakiyar teku kafin ruwa ya zo. Haka kakanki ya yi, haka na yi. Motarmu ɗaya ce. Na ɗauke ta na tafi tashar jirgin ruwa, mamanki tana tsaye a ƙofa da tsintsiya tana share fasassun kwanuka. Na ce mata ta hau tudu. Ban ce shigo in sauke ki ba. Minti uku ne a mota. A ƙafarta, da wannan ƙugun nata, rabin awa. Na tsirar da jirgi. Minti shidanki ba su kai komai ba, da mota tana ƙofa da ta yi waya da ke har ta gaji. Kina tsammani don me tsoho zai sayi gida mai taya?

Ki ƙona takardar wayar nan.

Kabad na buɗe shi da ƙarfe. Buhun ya zama dutse a sama, kunu a ƙasa. Akwatin ya yi baƙi ta gindi, amma kakin da na liƙe murfin da shi ya riƙe. Gashin bai jiƙe ba. Baƙi wuluk, na mace mai shekara ashirin da shida. Na zauna a ƙasa na daɗe.

Na je gidan Shigeo na ce ya kawo tsani. Da muka iso ya ce, "Da ka bari sai an ga kifi a ciki."

Kwana tara muka yi. Tsagar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Mun kankare tsohon danƙo, mun goge, mun sa sabo. Bangon taga mun ɓare shi, katako biyu sun ruɓe har ana ɗiba da cokali, mun sa sababbi. Ni na matsa danƙon ƙarshe da hannuna, ban bar masa ba. Da na gama na ce mata ta yi haƙuri, ƙofa tana gaba, ta bi ta nan kamar kowa.

Jiya ma'aikacin ya zo, mutum mai furfura a gefen kunne. Ya danna bango, ya leƙa ƙasa da tocila, ya sa muka ɗaura wa motar Shigeo muka ja shi zuwa titi muka dawo. Ya buga hatimi. Da na ga sunan a hatimin na ce, "Kai ɗan gidan Kanno ne, masu shanya kifi? Babarka Setsu, mai dariya da hannu a baki?"

Ya tsaya. Ya ce, "Kawu, namu a ina yake? Na zo sau da yawa, ban gane ba."

Na auna masa da ƙafa, taki arba'in da ɗaya daga ƙofata zuwa wajen gada. Ya tsaya a cikin ciyawa da takardunsa a hammata, har muka gama kwance motar bai motsa ba.

Ɗaki ya tsira. An yi ruwa sau uku tun da muka toshe. Matashin a bushe yake ƙamas. Kin yi gaskiya. Har yanzu ina dafa kofi biyu, amma yanzu na san ni kaɗai ne.

In kin zo, akwai wurin kwana. In ba ki zo ba, ba laifi.

Babanki

Nagiura, 19 ga Agusta

Mitsue,

Da fatan kin isa lafiya, jirgin ƙasan bai cika ba. Kin manta laimarki. Maganin ina sha, kwalin da kika rubuta wa ranaku yana kan tebur yana harara ta.

Na gode da kika zo. Ban iya faɗa a tasha ba, Shigeo yana tsaye da bakinsa.

Na yi ta tunanin yammacin da muka kunna wutar. Na zaci mu biyu ne, sai ga ɗan gidan Kanno da matarsa, sai ga mutanen bene suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa Kawu nuna mini namu. Kin ƙirga? Wuta goma sha ɗaya a layinmu. Da na tsaya a ƙofa na duba, sai na ga layin kamar yadda yake, har inda yake lanƙwasa wajen gidan wanka.

Mamanki dai ban ji ta ba. Na kasa kunne kwana uku, ba komai. Ba na ƙorafi. Ta ga wuta ko ba ta gani ba, ƙofa dai tana inda ta bar ta.

Abu ɗaya zan faɗa miki don kada ki riƙe shi shekara goma sha uku. Da na dawo daga raka ki, na shiga ina gyara ɗaki, na ɗaga shuɗin matashin na ji shi a jiƙe. Na buɗe kabad, a bushe. Na hau tsani, danƙo lafiya lau, sama kuma ko gajimare babu tun ranar Lahadi. Na kai yatsa baki, gishiri. Sai na yi dariya ni kaɗai, na gane. Da na tafi kai wa Shigeo tukunyarsa na bar ki a ciki ke kaɗai kusan awa guda. Kin yi kyau da kika yi kukanki a gurbinta. Ba abin kunya ba ne. Ni ma a ƙasan wurin na yi nawa.

Gobe zan shanya shi in rana ta fito.

Babanki

Hamamatsu, 22 ga Agusta

Baba,

Na iso lafiya. Laimar ka riƙe ta.

Ban zauna a wurin ba. Duk kwana ukun ban iya ko jingina da bencin ba, ka tuna a kan akwatin kayan aiki nake cin abinci kana yi mini faɗa. Da ka tafi gidan Kawu Shigeo fita na yi, na bi hanyar tudu da ƙafa ina duba agogo. Kukana a can na yi shi, wajen gada. Kafin in ɗauki jakata na shafa matashin da hannuna don sallama, a bushe yake.

In ba ka riga ka shanya shi ba, ka bar shi yadda yake. Na nemi hutun mako guda, sun ba ni. Ina zuwa ranar Asabar da jirgin rana. Ka dafa kofi uku.

'Yarka, Mitsue